Kayan Gwanjon da Na Ɗinka wa Baba

Na yi ɗinki iri-iri a rayuwata, wasu an yaba, wasu an dawo mini da su ana kumbure-kumbure, kuma mafi yawansu yau ko kalarsu ba zan iya tunawa ba. Amma akwai guda ɗaya da na tabbata ba zai bar kaina ba har ƙasa ta rufe mini ido. Ba shadda ba ce, ba leshi ba, kayan gwanjo ne na yayyanka na harhaɗa, na yi wa mahaifina sutura da su, riga da wando a haɗe wuri guda. Har yau in na tuna ranar da ya sa kayan nan, ban san abin da ya fi dacewa da ni ba, dariya ko kuka. Yawanci duka biyun nake yi.

Ni a Birnin Kudu nake aure, a nan nake ɗan ɗinkina a cikin gida. Iyayena kuwa suna ƙauyenmu can wajen Fagam, a ƙasar Gwaram, tare da Yaya, babban wanmu, wanda shi ne ya tsaya a gida yana riƙe da gonaki. Baba manomi ne tun tasowarsa, mutum mai tsare gida, wanda ba a kawo masa wargi. Masallacin unguwa a jikin katangarmu yake, kuma tun ina yarinya ban taɓa jin an tayar da salla Baba yana cikin gida ba. To, sai tsufa ya zo masa ta ka. Da farko 'yar mantuwa ce: ya ajiye carbi ya hau nema, ya ci tuwo ya ce ba a ba shi ba. Daga baya ya fara duban Inna, matar da suka tsufa tare, yana tambayarta ko ta ga matarsa. Ɗakinsa ma wani lokaci sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba nasa ba ne. Muka kawo shi asibiti nan Birnin Kudu, likita ya ce gigin tsufa ne, ba warkewa ake yi ba, sai dai a yi ta lallaɓawa. Muka mayar da shi gida muna lallaɓawar.

Abu biyu ne ciwon ya bar masa, karatun salla da hanyar masallaci. Da an kira salla zai miƙe, ya yi alwalarsa tsaf, ya fita. Wannan shi ne abin da ya rage masa a duniya, kuma da shi muke kwantar da hankalinmu. Sai kuma wani sabon abu ya ɓullo. Baba ya je ƙofar masallaci, ya tsaya, ya tuɓe wandonsa a gaban kowa, ya ninke shi gida-gida, ya ɗora a kan dakali, sannan ya shiga sahu daga shi sai kaftani. Aka ce kuskure ne. Washegari ya sake. Daga nan abin ya zama kullum, har yara suka gane, suna laɓewa a lungu suna jiran lokacin. Mutumin da a da in ya yi gyaran murya yaran unguwa suke watsewa.

Yaya ya kira ni a waya ya ce in zo. Da na isa, na tarar har ya sayo kwaɗo daga kasuwar Sara, ya sa an kafa wa ƙyauren ɗakin Baba ƙarfen da za a maƙala shi. Shawararsa ita ce a riƙa kulle Baba lokutan salla. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa, ban ko ajiye jakata ba na fara.

"Yanzu Baban ne za a kulle kamar akuyar da ta yi ɓarna?"

"Ke ba kya nan, shi ya sa," in ji Yaya. "Ni nake jin abin da ake faɗa a gari. Jiya a gaban surukina ya yi. Rufin asiri nake nema masa, ba wulaƙanci ba."

"In ya ji kiran salla ya taɓa ƙofa ya ji ta a kulle fa?"

Yaya ya sunkuyar da kai yana juya kwaɗon a hannu. Na san ba mugunta ba ce, gajiya ce, kuma cikin abin da ya faɗa babu ƙarya. Amma na san wani abu guda: ranar da aka raba Baba da masallacin nan, an gama da shi, saura kawai jiran kwana. Na ce wa Yaya ya ba ni 'yan kwanaki, in na kasa samo dabara ya yi yadda ya ga dama. Ya ce wace dabara. Na ce zai gani. Gaskiyar magana ita ce ni ma ban sani ba, baki ne kawai ya riga tunani.

Na dawo Birnin Kudu kaina a ɗaure. Ranar kasuwa na shiga layin 'yan gwanjo don in duba wa ƙaramar 'yata rigar sanyi, na tarar wani dattijo da nake ciniki a wurinsa ya fasa sabuwar dila, mata sun yi masa rumfa ana ta wawaso. Ina cikin tone-tone sai hannuna ya faɗa kan irin kayan jariran nan, riga da wando a haɗe, mai zif a baya. Na ɗaga shi na tsura masa ido. Jariri ba ya iya cire wannan, sai uwarsa ta cire masa. Nan take na ji kamar an kunna fitila a cikin kaina. Yanzu da nake ba da labarin na gane cewa tun daga wurin na kauce, domin da jariri na kwatanta ubana, amma a ranar gani nake duk Jigawa babu mai basirata.

Dalilin da ya sa na tsaya kan gwanjo maimakon sabon yadi shi ne, na farko ban taɓa ɗinka irin abin ba, ban son in lalata yadi a gwaji. Na biyu, tufar gwanjo ta sha wanki ta yi laushi, ba za ta ci jikin tsoho ba. Na zaɓi wata ƙatuwar riga shuɗiya ta maza, da wani wandon barci mai ratsi-ratsi, da wata tsohuwar rigar ruwa wadda ba komai nake so a jikinta ba sai dogon zif ɗinta. Mai gwanjon ya dubi abin da na tara, ya dube ni.

"Hajiya, waɗannan ai ba gidansu ɗaya ba. Wa za a sa wa?"

"Mutum ɗaya."

"To Allah ya ba shi haƙuri," in ji shi, yana cusa mini su a leda.

Matsalar farko awo ce. Ina 'ya mace za ta ɗauki tef ta zagaya ƙugun ubanta? Ko a cikin gigin yake, ni ai ba a gigice nake ba. Sai na dubi maigidana, na ga tsawonsu kusan ɗaya da Baba, sai dai shi yana da tumbi. Na ce in kayan suka shige shi, Baba zai yi iyo a ciki. Na wanke kayan har sau biyu na shanya, amma warin nan na gwanjo, wanda duk wanda ya taɓa shiga layin ya san shi, bai fita duka ba. Na farke rigar ta baya daga wuya har ƙasa, na ɗinka zif ɗin a wurin, na cire wa wandon robarsa, na haɗa bakin rigar da bakin wandon. Karon farko na haɗa gaban riga da bayan wando, sai da na ɗaga na ga abin yana kallon gabas da yamma lokaci guda. Na farke. Karo na biyu tsakanin ƙafafun ya yi gajarta, wanda duk ya sa ba zai iya ruku'u ba. Na nemo ƙyalle na yi masa ƙari. Maƙwabciyata ta leƙo karɓar ɗinkinta, ta ga abin a shimfiɗe a tabarma, ta tsaya tana nazarinsa, sannan ta tambaye ni ko rigar babur ce. Ban kula ta ba.

Da na gama, na lallaɓi maigidan ya gwada. Ya yi ta gunaguni, amma ya zura ƙafafu, ya zura hannuwa, na ja zif har wuya. Ya tsaya a tsakar gida, sama shuɗi ƙasa ratsi-ratsi, yara suka kwanta a ƙasa don dariya. Na ce ya yi ruku'u, ya yi. Na ce ya yi sujada, ya yi. Na ce to ya cire da kansa. Ya miƙa hannu ta sama, ya miƙa ta ƙasa, ya yi ta juyi a wuri ɗaya, zif ya ƙi kamuwa. Ni kuwa daɗi ya cika ni, abin da nake nema ke nan. Ana cikin haka aka yi sallama da shi a ƙofar gida, ya ce in buɗe shi maza, zif kuwa ya cije da ƙyalle ya ƙi motsi. Sai da baƙon ya gaji da sallama ya tafi kafin na samu na ɓalle shi. Da ya fito yana share gumi, ya ce da ni, "Ni da hankalina, na san ke kika sa mini, na san za ki cire, amma sai da na ji ƙirjina ya toshe. Shi Baba da ba zai san dalili ba fa?" Na ce masa shi dai tumbinsa ne ya matse shi. Maganar ta ɗan tsaya mini a rai, amma na ture ta.

Washegari na hau motar Gwaram da kayana a jaka. Damina ce, dawa ta rufe hanya hagu da dama, ni kuwa ina ta shirya yadda zan kalli Yaya in ya ga dabarar. Inna ce ta fara gani. Ta karɓa ta ɗaga, ta juya shi, ta kifa shi, ta leƙa ta wuyan.

"'Yar nan, wannan riga ce ko wando?"

"Duka biyun ne, Inna."

"Ta ina ake shiga?"

Na nuna mata. Ta ce in zai kama ruwa fa, na ce ita ko Yaya sai wani ya buɗe masa. Ta daɗe tana shafa zif ɗin da yatsa. Sannan ta ce ita dai a saninta tufar da mutum ba ya iya cire wa kansa guda ɗaya ce, kuma ba a sa wa mai rai ita. Na daure na ce, "Inna, ko wannan ko kwaɗo."

Yaya ne ya shiga ɗaki ya sa masa, da hantsi, bayan ya yi masa wanka. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin su. Baba bai yi gardama ba, sai dai na ji yana cewa, "Ba nawa ba ne." Yaya ya ce, "Naka ne, Baba." Wannan magana mun saba da ita, ɗaki ba nasa ba ne, buta ba tasa ba ce, Inna ma ba tasa ba ce, saboda haka ba wanda ya ɗauke ta da nauyi. Aka ɗora masa farin kaftaninsa a kai, aka sa masa hula. Da ya fito, wallahi ba mai cewa akwai wani abu a ƙasa, sai ratsin da ya ɗan leƙo a idon sawu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni irin duban da ake yi wa baƙuwa, ya ja wuyan rigar ta ciki ya kai hanci, ya shinshina.

"Baiwar Allah, kayan wa ne wannan?"

"Naka ne, Baba. Ni na ɗinka maka."

Ya girgiza kai kawai, ya je ya zauna a gindin darbejiya.

Da azahar ya fita masallaci, Yaya na biye da shi. Ni da Inna muka zauna muka kasa kunne. Ba mu ji dariyar yara ba, ba mu ji hayaniya ba. Na dubi Inna ina murmushi, har na fara jin kaina ya yi girma. Sai ga Yaya ya shigo fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya ce wando dai bai fita ba. Baba ya laluba ƙugunsa, ya laluba, ya rasa bakin wandon, ya ɗaga kaftani ya duba, ya sake lalubawa. Daga nan sai ya zauna a kan dakali. Aka tayar da salla, aka yi, aka idar, yana zaune. Liman ya fito ya kama hannunsa, ya ƙi tashi. Wannan ce salla ta farko da aka yi a masallacin nan Baba yana gari, da ƙafafunsa, bai shiga sahu ba.

Na rasa inda zan sa kaina. Na yi nasara ne ko na faɗi? Abin da aka ce in hana na hana, amma abin da nake so in tsare masa shi ne ya suɓuce. Aka shigo da shi, aka kawo fura ya kau da kai. Ya zauna ya ware hannuwansa nesa da jikinsa, kamar wanda aka shafa wa wani abu yake gudun ya taɓa. Inna ta shimfiɗa masa buzu ta ce ya yi sallar a gida, ya ƙi hawa. Yaya ya ce a cire masa, na ce a bari ya saba, sabon abu ne. Inna ta ce ko ƙaiƙayi yake masa. Matar Yaya ta ce ko aljihu yake nema, tunda ban yi masa aljihu ba. Kowa da tasa, kuma ba wanda ya san komai. Ni da na zo da ƙafafuna ina taƙama, na koma ina bin fuskokinsu da kallo ko wani zai faɗi abin da zan kama.

Aka kira la'asar. Baba ya miƙe, ya yi alwala, ya fita, Yaya ya bi shi. Masallacin namu yana da 'yar lasifika da ake haɗawa da batir, kuma ladaninmu tsoho ne, sau da yawa in ya gama kiran salla yakan manta bai kashe ba, har tarin mutane mukan ji daga cikin gida. Ina zaune na yi tagumi sai na ji lasifikar ta yi ƙara, an bubbuga ta da yatsa, an yi gyaran murya. Gyaran muryar da na tashi da ita ce. Inna ta saki muciyar da ke hannunta.

"Salamu alaikum, jama'a," in ji Baba, muryarsa tar, ta cika unguwa. "Ana cigiya. An tsinci kaya, riga da wando. Wanda ya san nasa ne, ya zo ya karɓi abinsa. Suna jikina. Na so in ajiye a inda ake ajiyewa, sun ƙi fita." Muna jin numfashinsa. "Don Allah mai su ya hanzarta. Ina da azahar a kaina, ga la'asar ta zo, kuma ba na tsayawa gaban Ubangiji da kayan da ban san mai su ba."

Wani yaro a waje ya fara dariya, na ji an kwaɗe shi ya yi shiru. Dakalin masallacin nan, tun muna yara, nan ake ajiye tsintuwa. Wanda ya tsinci lauje a hanyar gona, ko takalmi, ko ɗankwali, nan zai kawo ya ɗora, ladan ya yi shela bayan salla. Duk mun san haka, duk garin sun san haka, amma ba wanda ya haɗa wannan da wandon da ake ninkewa gida-gida ana ɗorawa a wurin. Mu muna ganin tsoho yana tuɓewa, shi kuwa kayan mutane yake mayarwa.

Lasifikar tana nan a kunne. Muka ji liman yana cewa, "Malam, ai naka ne, 'yarka ce ta..." Baba ya katse shi, ya ce shi ya san kayansa, kuma ya san warin kayansa. Can sai na ji muryar Yaya, tana rawa.

"Nawa ne, Baba."

"Kai ɗan gidan wane ne?"

"Nan unguwar nake."

"To, ba a ba da tsintuwa sai da alama. Faɗi alamarsu."

"Rigar shuɗiya ce, wandon mai ratsi. An haɗe su a ƙugu. Akwai zif a baya, daga wuya har ƙasa."

Baba ya ce wa ladan ya duba masa bayan, tunda shi ba ya gani. Muka ji motsin tufa, muka ji ladan ya ce, "Haka ne, Malam, ga shi nan."

"To naka ne," in ji Baba. Sannan ya ƙara, da irin muryar da yake mana faɗa muna yara, "Ka riƙa kula da kayanka, yaro. Ba kowa ne zai tsinta ya kawo ba."

"In sha Allahu, Baba. Na gode."

A nan ne wani ya tuna ya kashe lasifikar. Na juyo na ga Inna ta rufe fuska da gefen zane. Matar Yaya tana dariya hawaye na zuba. Ni ban san wanne nake yi ba.

Yaya ya shigo da Baba zaure don ya cire masa, ya leƙo ya ce a miƙo wando. Inna ta ɗauko ɗaya daga kan igiya, na karɓa zan miƙa, sai na tsaya ina dubansa. Wando ne mai roba a ƙugu, irin na 'yan ƙwallo, da rubutun Turanci a cinya. Na ce, "Inna, ina wandunan Baba na da?" Ta ce suna cikin adaka. Ashe tun watannin baya Baba ya fara ƙulle mazagi ƙulli a kan ƙulli, in fitsari ya matso shi ya kasa kwancewa, har abin ya kai ga ɓata tufa. Shi ne Yaya, don ya sauƙaƙa masa, ya sayo masu roba a gwanjo, aka tattara nasa aka ɓoye. Na tambayi yaushe aka yi haka, na tambayi yaushe ya fara tuɓewa. Inna da Yaya suka dubi juna. Ashe lokacin ɗaya ne. Shi ya sa kaftanin bai taɓa cirewa ba, hular ma haka, su nasa ne. Mutum ya yi ta faɗa mana da bakinsa cewa ba nasa ba ne, ni kuma na tashi tun daga Birnin Kudu na ƙaro masa kayan mutum uku da bai sani ba, na kulle shi a ciki.

Inna ta buɗe adaka ta fito da wani tsohon farin wandonsa, wanda gwiwarsa ta sha faci. Na miƙa wa Yaya. Ta labulen zaure na hango Baba ya karɓa, ya shinshina, ya laluba mazagin, ya sa abinsa ba tare da kowa ya taimaka masa ba. Ya fita. Liman ya riƙe jama'a bai tayar ba sai da Baba ya shigo. Yaya ya ba mu labari cewa Baba ya rama azaharsa, ya bi la'asar, ya zauna yana lazimi har rana ta yi ja.

Kafin magariba na aro keken wata maƙwabciya. Na kwaso wandunan nan na cikin adaka, na zare mazagin kowanne, na zura roba a madadinsa, sannan na yanko guntun mazagin na ɗinke shi a gaba yana reto. In ya laluba zai ji abinsa, in ya ƙulla ba abin da zai riƙe, in ya matsu ya ja ƙasa kawai. Aikin da bai kai dahuwar tuwo ba. Ina yi ina jin haushin kaina, ina tuna wahalar da na ba maigidana a banza.

Baba bai warke ba. Har ya koma ga Allah bai sake kiran sunana ba, kuma akwai abubuwa da yawa da ya riƙa yi waɗanda har yau ban san ma'anarsu ba. Amma bai ƙara tuɓewa a ƙofar masallaci ba, ba a kuma taɓa kulle shi ba. Da ƙafarsa ya yi ta zuwa sahu har makon da ya kwanta. Kayan nan kuwa suna wurin Yaya. Na ce ya ba ni in farke in yi tsumma da su, ya hana. Ya ce a gaban jama'a ya amsa cewa nasa ne, kuma Baba ne ya damƙa masa.

Abin da na koya shi ne, hankalin mutum yana iya tafiya ya bar halinsa a zaune. Baba ya manta matarsa, ya manta 'ya'yansa, amma bai manta cewa ba a riƙe kayan wani ba. Mu masu hankalin ne muka yi ta neman yadda za mu hana shi, ɗaya da kwaɗo ɗaya da zif, ba wanda ya zauna ya tambaye shi me yake nufi. Tun daga ranar, in tsoho ko maras lafiya ya faɗi maganar da ta yi kama da shirme, ba na saurin cewa ciwo ne. Nakan matsa kusa in ce ya sake faɗa, in kuma saurara har ya gama.